Yadda Na'ura Ke Bambance Ja Da Kore

Ɗalibin da ke son haɗa abin da zai ware murafan kwalba launi-launi da Arduino yakan fara da LDR, wato ɗan abin auna haske, saboda araha. Sai dai LDR haske da duhu kawai ya sani. Jan murfi da shuɗi duk ɗaya ne a wurinsa muddin ƙarfin haskensu ya zo daidai.

Ana buƙatar na'urar da ke tace haske kafin ta auna shi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yawaita a hannun masu koyo ita ce TCS3200, ƙirar kamfanin TAOS na Amurka, wanda kamfanin ams na Ostiriya ya saye a 2011. A tsakiyarta akwai ƙananan idanu 64: guda 16 an rufe su da matacin ja, 16 na kore, 16 na shuɗi, sauran 16 kuma an bar su haka nan. Ba ta cewa "wannan ja ne". Bugun lantarki take fitarwa, gwargwadon yawan haske gwargwadon saurin bugun. Ta ƙafafun S2 da S3 ake zaɓar rukunin idanun da zai yi aiki, Arduino ya ƙirga, manhajar da ka rubuta ta yanke hukunci.

To, a nan gizo ke saƙa. Launin abu ba komai ba ne illa hasken da ya maido, don haka in hasken wurin ya sauya, lambobi ma sai su sauya. Abin da ke sa mai sayen shadda ya fita da ita bakin shago ya duba a rana ke nan. Akwai fararen fitilu huɗu kewaye da na'urar, an sa su ne don ta haska abu da kanta, amma rana na leƙowa ta taga lissafi ya rikice. Maganinsa a sa mata guntun baƙin bututu ya kare ta, a tsayar da tazara ɗaya tsakaninta da abin da ake aunawa, sannan a nuna mata farar takarda da baƙa, a ajiye lambobinsu su zama ma'auni. Da yawa daga cikin masu kukan na'ura ta lalace, wannan matakin suka tsallake.

Ga mai ɗan hali, na fi ba da shawarar TCS34725. Tana da matacin da ke tare hasken infrared, wanda ido ba ya gani amma yake ruɗa awo, kuma ta wayoyi biyu na I2C take miƙo lambobinta kai tsaye. Akwai AS7341 mai tashoshi 11, amma ware murafai bai kai a kashe kuɗinta ba.