'Yan Kwangila da 'Yan Jinga a Ƙasar Rima: Neman Aiki Idan Kasuwa Ta Mutu

Gabatarwa

Masu neman abinci da sana'a iri biyu ne. Akwai ma'aikacin albashi, wanda ya san ranar biyansa ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Akwai kuma wanda ba shi da ubangida tsayayye, sai dai ya karɓi aiki bisa jinga, ya gama, a sallame shi, ya sake fita nema. A cikin kashi na biyu ake samun ƙaramin ɗan kwangila, da birkila, da kafinta, da mai walda, da direban tifa, da makanikin injin ban ruwa. A garuruwan gabashin Sakkwato, kamar su Wurno da Magarya da Rabah da Goronyo, waɗannan sun fi masu albashi yawa nesa ba kusa ba. Manufar wannan lacca ita ce a bayyana inda aikinsu yake fitowa, da abin da yake samunsu idan aikin ya ƙafe.

Cin Rani

Damina a wannan yanki ba ta cika wuce wata huɗu ba, saboda haka tun kaka da kakanni magidanci yakan haɗa noma da wata sana'a. Da an kai amfanin gona rumbu, sai majiya ƙarfi su ɗauki sanda da gora su nufi Kurmi ko Gwanja. A ranin 1952 zuwa 1953, an ƙirga masu wucewa kudu a hanyoyin Lardin Sakkwato, aka sami fiye da mutum 250,000, akasarinsu 'yan lardin. Watau ke nan, tun kafin mulkin kai mutumin Rima ya saba da sayar da ƙarfinsa na ɗan lokaci ga wanda ya taya.

Zamanin Kuɗin Man Fetur

Bayan tashin farashin man fetur a 1973, aiki ya zo har ƙofar gida. A shekarar ce aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, aka yi wa ƙananan hukumomi sabon tsari, aka kuma soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda ya bukaci azuzuwa masu ɗimbin yawa. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ta Goronyo kuwa a 1984.

Manyan kamfanoni ne suka ɗauki manyan ayyuka, amma kuɗin yakan gangaro hawa hawa. Ƙaramin ɗan kwangila ya sami ginin aji biyu, ko kwalbati, ko kawo yashi da tsakuwa. Ya je wurin attajiri ya ɗauko siminti da kwano bashi, ya yi jinga da birkila, birkila ya kirawo leburorinsa, leburori su ci tuwo bashi wurin mai abinci, kowa yana jiran ranar da baitulmali zai biya. Ashe takardar biya ɗaya da ke kan teburin akawu tana riƙe da tukwanen gidaje da yawa.

Da Kiɗa Ya Canja

Farashin mai ya soma sauka a 1981. A watan Afrilu na 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu. Gwamnatin soja da ta hau a ƙarshen 1983 ta rage ma'aikata da dama, sa'an nan a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta faɗi. Dalar Amurka da ba ta kai Naira ɗaya ba a farkon 1985, sai ga ta wajen Naira 4 a 1987. An kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa a ƙarshen 1986 domin rage raɗaɗin, amma gine-gine da yawa sun tsaya a kan linta, ciyawa ta rufe su.

Abin lura a nan shi ne, ɗan jinga ba a korarsa daga aiki, domin ba wanda ya ɗauke shi tun farko. Mutuwar kasuwa takan same shi ta hanya uku. Ta farko, kwanakin aiki su ragu, mai fita kullum ya koma fita jefi-jefi. Ta biyu, farashin jinga ya karye, gama ma'aikacin da aka sallama da ɗalibin da ya gama makaranta bai sami gurbi ba duk sun shigo layi, kowa yana rage wa ɗan'uwansa. Ta uku, wadda ta fi muni, ita ce jinkirin biya. Wanda ya yi lissafin kwangila da farashin siminti na bara, aka biya shi baɗi, ya yi aikin banza, ga bashin attajiri a wuyansa. Irin wannan yakan sayar da tifa ko fili ya rufa wa kansa asiri, daga nan kuwa ya fita daga sana'ar.

Alƙaluman hukuma ba su cika nuna wannan ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. Da ta sake ma'auni, ta lasafta duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a cikin masu aiki, sai adadin ya koma kashi 4.1 a farkon 2023. Birkilan da ya sami yini ɗaya a mako, a takarda mai aiki ne, alhali kuwa gidansa ya san ba haka ba ne.

Fadama da Hanya

Baya ga gwamnati, rijiya ta biyu da 'yan jinga suke sha ita ce fadama. Idan manomin shinkafa ko albasa ko tafarnuwa ya sayar da riba, shi ne mai sa kwano, mai gyara inji, mai haƙa rijiya. Wannan ma ta sami cikas. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai Tabanni ta ƙasar Rabah a 2018 da na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, sun hana mutane da yawa gonakinsu, sun sa bin hanya ya zama kasada. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ninka kuɗin tayar da injin ban ruwa da kuɗin mota. Da yawa sun koma cin rani a birane, suna dako, ko ga-ruwa, ko kabu-kabu, ko gadi, wani ma har damina ta faɗi bai komo ba.

Kammalawa

Hausawa sun ce zafin nema ba ya kawo samu. Ɗan jinga bai rasa himma ba, mai saye ya rasa. Ma'aikacin gwamnati ba shi da iko a kan farashin mai a kasuwar duniya, amma yana da iko a kan takardar da ke gabansa. Dokar ba da kwangila ta Gwamnatin Tarayya ta 2007 ta ɗauki biyan da ya wuce kwana 60 a matsayin jinkiri mai jawo ƙarin kuɗi, kuma ya kamata jihohi da ƙananan hukumomi su riƙe wannan ƙa'ida da gaske. Haka nan ya dace a riƙa kasa ayyuka ƙanana yadda mai ƙaramin jari zai iya ɗauka, a sanar da su a fili, a kuma fifita gyaran magudanan ruwa da hanyoyin ƙauye a cikin rani, lokacin da hannuwa suke zaune. Shi kuma ɗan kwangila, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski: wanda ya karɓi kafin alƙalami ya gudu, ya ɓata wa 'yan'uwansa suna.

Ɗalibai kuwa su sani cewa da yawa daga cikinsu a wannan kasuwa za su nemi abinci, ba a ofis ba. Wanda ya fito da sana'a a hannu, ya iya lissafin kayan aiki, ya iya rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, shi ne zai fi jure wa lokacin da kasuwa ta mutu.