An Sayar Da Kare An Sayi Biri

Kare dabba ce mai rayuwa da hanci. Da sansana yake gane gida, da wanda ya wuce ta kan hanya jiya, da karyar da ta shiga lokacin barbara a can wata unguwa. Yana kuma buƙatar barcin da ya kai rabin yini. Duk wanda ya san waɗannan halaye zai fahimci abin da cunkoso ke yi masa a gidan ajiye karnukan titi. Haushi ba ya tsayawa, ƙararsa kan wuce ma'aunin desibel 100, barci ya gagara, warin fitsari ya danne kowane wari. Masu ƙarfi su tare kwanon abinci, raunana su rame a lungu. Ƙwayar cutar parvo, mai sa 'yan kwikwiyo amai da gudawar jini, takan yi watanni a daɓe da ranta, don haka kwikwiyo ɗaya mara lafiya ya isa ya kwantar da ɗaki guda. Ma'aikacin da ya kamata ya zaga da su ya ƙare yininsa a wankin keji.

Wannan shi ne halin da Turkiyya ta jefa kanta. A watan Yulin 2024 majalisar ƙasar ta zartar da dokar da ta tilasta wa ƙananan hukumomi kwashe karnuka daga tituna su killace su. Gwamnati ta ƙiyasta karnukan sun kai miliyan 4, alhali gidajen ajiya 322 da ake da su a lokacin na ɗaukar kusan 105,000 ne kawai. Ko da an yi ta gine-gine har wa'adin 2028 da aka ba ƙananan hukumomi, lissafin haihuwa zai riga magina. Karya takan balaga tun tana wata 6 zuwa shekara, cikinta kwana 63 ne, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowane karo biyar ko shida. Unguwar da aka kwashe, matuƙar juji na nan da abinci, wasu karnuka za su cike gurbin, ba rigakafi, ba wanda ya san halinsu. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Birnin Istanbul ya taɓa gwada kwashewar a 1910, aka jibge dubban karnuka a tsibirin Sivriada, inda babu ruwan sha, suka mutu da yunwa da ƙishi. Mutanen gari suka riƙa danganta masifun da suka biyo baya da alhakinsu, karnuka kuwa suka sake cika titi.

Masu goyon bayan dokar na cewa yara ake cizo, kuma ran ɗan Adam ya fi na kare. Gaskiya ne, ba wanda zai raina hawayen uwa. Amma tambayar ita ce wace hanya ke kare yaron. Ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura na katse yaɗuwarsa. Tsohuwar dokar Turkiyya ta 2004 ta tanadi a kama, a yi aikin hana haihuwa, a yi allura, a mayar da kare inda aka ɗauko shi. Ƙananan hukumomi da yawa ne suka yi sakaci da ita. Kare mai cizo a tsare shi, marar lafiya a yi jinyarsa, wannan ne aikin gidan ajiya, kuma ba zai iya shi ba idan an cika shi da lafiyayyu.

Wasu kuma ƙyamar kare ce ke hana su damuwa. Sai dai a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kuma hadisi ya zo da labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Wanda ya kulle dabba ya ɗauki nauyin cinta da shanta da maganinta, kuma hukumar da ba ta da kuɗin buhun abinci da likitan dabbobi ba ta da hurumin kulle ƙofa a kan dubu.