Tabkin Tiga: ruwan da mutum ya tara da hannunsa

Yau hirarmu a kan tabki take, amma ba irin wanda damina ke cikawa bayan gari ba.

Kudu da birnin Kano, tafiyar wajen kilomita 70, akwai wurin da ake kira Tiga. Nan ne aka datse Kogin Kano zamanin gwamna Audu Bako. An gama aikin a 1974, sa'ad da fari ya gallabi ƙasashenmu. Ƙasa da duwatsu aka jibga, aka tare bakin kwari. In ruwan damina ya taho, sai ya iske hanya toshe, ya kwanta. Faɗinsa ya kai kilomita 178 murabba'i. Ƙauyukan da ke cikin kwarin, dole suka tashi.

Da rani sai a buɗe ƙofa, ruwa ya bi magudanai zuwa Kadawa da Kura. Can ake noman shinkafa da alkama da tumatir, ƙasa ba ta hutawa. Birnin Kano ma yana sha daga ciki. Masunta kuwa sun yi zaune a gaɓa.

To, zaman bakin tabki akwai daɗi, amma ku saurara da kyau. Kwantaccen ruwa gidan sauro ne, kuma gidan katantanwa. Cikin katantanwar nan ƙwayar tsargiya ke girma. Yaro ya shiga wanka, ta huda fata ta shige, bayan ƴan makonni ya soma fitsarin jini. Waɗansu na cewa alamar balaga ce. Ba haka ba ne, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a likita. Mai shi in ya yi fitsari cikin ruwa, ya sake shuka ta.

Mu nan mi ya haɗa mu da Tiga? Ruwan da aka tsare shi ne da ke gangarawa Haɗeja da Nguru, ya faɗa Komadugu, kogin da ya raba mu da Najeriya a jihar Difa. A 1992 aka ƙara datse Kogin Calawa. Ambaliyar da ke jiƙa fadamu ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Ke nan manomin tattasai na bakin Komadugu yana da magana a kan ranar da ake buɗe ƙofar Tiga, ko da bai taɓa ganin ta ba.