Yadda Ake Gane Kyanwa Ta Yarda Da Mutum

Tun daga Maiurno har ƙauyukan da ke kewaye da Wad Madani, da wuya ka shiga gidan da ake ajiye dawa ka rasa kyanwa, wadda maƙwabtanmu ke kira kadisa. To, da yaƙi ya iso Madani a Disamban 2023, jama'a da yawa sun fita da abin da hannu ya iya ɗauka, aka bar kyanwoyi a kango. Wanda Allah ya nufa ya koma gida yakan tarar da tasa ta zama baƙuwa, tana leƙensa daga kan katanga, ɓeraye kuwa suna sha'aninsu cikin buhuna. Ba a dawo da ita da kamu, sai ta yarda don kanta.

A fara duban wutsiya. In ta nufo ka da ita a miƙe sama, gaisuwa ce. In tana kaɗa ta da ƙarfi, fushi ne, a ƙyale ta.

Sai ido. Kyanwa ba ta lumshe ido gaban wanda take tsoro. In ta dube ka ta lumshe a hankali, kai ma mayar mata. Masana a Jami'ar Sussex ta Ingila sun bayyana a 2020 cewa ta fi kusantar baƙon da ya yi mata haka.

Goga kumatu da take yi a ƙafarka, yara sukan ce roƙon nama ne. A'a. Akwai wani ƙanshi a kumatunta wanda hancinmu ba ya ji, shi take shafa maka don ta sa ka cikin nata. Mai alwala kada ya damu, a Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa kyanwa ba najasa ba ce.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne in ta kwanta rigingine. Ta saki jiki ƙwarai, amma ba cewa ta yi a taɓa cikin ba, kuma ba kowace ce kyanwar Lami ba. Iyaye su ja kunnen yara. In wadda ta daɗe tana yawo ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a nufi asibiti ran nan, domin kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare.