Yadda bakteriya da arkeya ke soma fassara saƙon ARN zuwa furotin

Tambayarmu a nan ita ce: ƙaƙa ribozom ke gane inda zai soma karanta saƙon ARN? In ya kauce da harafi guda, furotin ɗin ya lalace.

Mu ɗauki bakteriya, irin Neisseria meningitidis mai kawo sanƙarau, wadda cibiyar CERMES ta Yamai ke nazari a kanta. A 1974 John Shine da Lynn Dalgarno suka nuna cewa kafin alamar farawa AUG akwai ɗan jerin harufa, kamar AGGAGG, da ke manne wa wutsiyar ARN 16S na ƙaramin sashen ribozom, wato 30S. Furotin uku, IF1, IF2 da IF3, ke taimakawa a zaunar da metiyonin mai ɗauke da formil. Daga nan babban sashe 50S ya hau, a samu 70S. Wannan matakin ne linezolid, maganin tarin fuka mai taurin kai, ke tarewa.

Arkeya kuwa, da Carl Woese da George Fox suka ware a 1977, metiyoninsu babu formil, kuma furotin masu taimaka musu sun fi kama da namu na mutane. A wajen Haloferax volcanii mai son gishiri ma, yawancin saƙonni kai tsaye daga AUG suke farawa.