Ramin da aka kusa binnewa da kwalta ya zama wurin yawon buɗe ido

A shekarar 1987, hukumomin garin Llandudno da ke arewacin Wales a Birtaniya sun shirya gyara wani fili a kan tsaunin Great Orme don ajiye motoci. Tarin duwatsu ne kawai a wurin, sauran aikin masu haƙar ma'adinai na ƙarni na 19. Da aka leƙa ƙarƙashinsa kafin a fara aiki, sai ga ramuka da mutane suka haƙa tun kusan shekara 4,000 da suka wuce suna neman jan ƙarfe. Da an yi gaggawa, da tuni kwalta ta rufe zancen.

An buɗe wurin ga baƙi a 1991. Yau in ka je, za a ba ka hular kwano ka shiga da ƙafarka. Ɗan yanki kaɗan ake bari a zaga, domin hanyoyin da aka gano sun haura kilomita 8, wasu sun nutsa har mita 70 cikin ƙasa. Akwai sanyi da danshi, don haka a tafi da rigar sanyi da takalmi mai riƙe ƙasa. Kuma a lura, ana rufe wurin a lokacin hunturu.

Abin da zai fi ɗaure maka kai shi ne kayan aikin. Mutanen nan ba su san baƙin ƙarfe ba, balle diga ko shebur. Da duwatsun bakin teku suke farfasa dutse, da ƙasusuwan dabbobi kuma suke ƙwaƙulo koren ma'adinin da ake narkawa a sami jan ƙarfe. An tsinci ɓarɓashin ƙashi sama da 30,000 a ramukan. Inda dutse ya yi taurin kai, sai su hura masa wuta har ya tsattsage.

To me suke yi da shi? Jan ƙarfe shi kaɗai yana da taushi. Amma in aka zuba masa kuza kamar kashi ɗaya cikin goma, sai ya koma tagulla, mai ƙarfin da za a ƙera gatari da mashi. Bincike ya nuna aikin ya fi bunƙasa tsakanin shekarar 1600 da 1400 kafin miladiyya, kuma ƙarfen wurin ya tsallaka teku har Faransa da wasu sassan arewacin Turai.

Sai dai kafin ka ɗaga waya ka yi hoton Instagram, tsaya ka dubi wasu ƙananan ramukan da ke gefe. Babba ba zai iya shiga ba ko ya kwanta rub-da-ciki. Shi ya sa masana suke ganin yara ne suka haƙa su, watakila 'yan shekara biyar ko shida, cikin duhu. Wanda ya san yadda yara ke shiga ramukan zinariya a yau, ya san wannan matsala ba ta mutu ba.

Mu ma fa ba a bar mu a baya ba. A yankin Agadas na Nijar, masu tonon tarihi sun gano alamun narka jan ƙarfe tun ɗaruruwan shekaru kafin miladiyya. Masana da dama na ganin kangon Azelik shi ne tsohon garin Takadda, inda matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a 1353. Ya rubuta cewa da sandunan jan ƙarfe ake ciniki a can, ana kuma kai su Gobir da Borno.

Mutum nawa cikinmu suka taɓa jin sunan Azelik? A Great Orme an tone, an kiyaye, an sa tikiti, 'yan makaranta na zuwa suna koyo. Namu kuwa yawanci yana cikin littattafan Faransanci. Ga masu yin bidiyo a TikTok da Facebook, wannan fage ne da ba a cika ba: ku nemi malaman tarihi na jami'o'inmu, ku tambaya, ku ba da labarin da Hausa.