Makitsan Zangon Agege: ana karɓar Naira, buƙata tana jiran Sefa

LEGAS: Daga cikin sana'o'in da ke riƙe da gidaje masu yawa a unguwannin Hausawa na Ikko, akwai wadda ba ta da allon talla a bakin titi, ba kuma a ganin sunanta a littafin rajistar kamfanoni. Wannan ita ce sana'ar kitso da lalle, wadda mata ke gudanarwa a tsakar gida a Zangon Agege da Idi-Araba da Mile 12. Da yawa daga cikinsu 'yan jihohin Arewa ne, amma akwai kaso mai kauri na waɗanda suka tsallako daga Jamhuriyar Nijar, daga yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa. Su ne abin dubawarmu a nan, domin lissafin sana'arsu ya sauya ƙwarai tun daga 2023.

Zaman Hausawa a Agege tsohon zama ne. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Ikko ta ratsa garin, ta kuma isa Kano a 1911, sai fataken goro da na shanu suka mayar da wurin masauki. Inda duk aka kafa zango aka ajiye iyali, to za a yi suna, za a yi biki, za a yi Sallah, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke tafiya ba tare da makitsiya ba.

Abin da ya sa sana'ar ta zama ƙofar farko ga baƙuwa shi ne ƙarancin jarinta. Kibiya da mataji, man kitso ko man kaɗe, tabarma da kujera 'yar tsugunne, shi ke nan an buɗe kasuwa. Ba ta buƙatar busar da gashi da na'ura, saboda haka tsadar lantarki da ta man janareto, waɗanda suka durƙusar da shagunan gyaran gashi na zamani bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ba su taɓa ta kai tsaye ba. Bugu da ƙari, yawancin matan Hausawa ba sa ƙarin gashi saboda hukuncin addini, don haka makitsiya ba ta ɗaure kuɗinta a kan gashin doki da ake sarrafawa a masana'antun Legas. Kalaba ce ko shuku ko zane, hannu ne kawai da lokaci.

Akwai kuma abin da mai shago a bakin titi ba zai iya saye da kuɗi ba. Matar da ke cikin kulle, ko wadda ba ta yarda ta buɗe kanta inda maza ke shige da fice, tana son wadda za ta shigo mata har ɗaka, ta ji harshenta, ta san abin da ake yi wa amarya da abin da ake yi wa mai jego. Makitsiyar da ta samu shiga gidaje biyar ko shida na attajiran goro ko dillalan shanu ta samu kasuwar da ba a raba ta da kowa. Tallarta bakin mata ne. Waɗanda suka fi wayo sukan haɗa kitson da lalle da sayar da turaren wuta, ko su yi ƙawance da matan Barno masu dilka da halawa, a karɓi gyaran amarya dungurungum a raba kuɗi. Ribar gaske a nan take, da kuma kwanakin jajibirin Sallah, lokacin da akan kai tsakar dare ana layi.

To amma matsalar 'yar Nijar daban take da ta 'yar Katsina ko Zariya da ke zaune a ɗaki ɗaya da ita. Ita da Naira ake biyanta, alhali hatsin da za a saya wa iyaye, da kayan ɗakin 'ya, da kuɗin magani, duk da Sefa ake sayensu. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai a kan farashi tsayayye, Sefa 655.957 a kan Yuro ɗaya. Da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a watan Yuni na 2023, Dalar Amurka da ke wajen Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, Sefa kuma ta bi ta sama. Ma'anar wannan ita ce, kan da aka kitsa a Agege ya koma yana sayen jaka kaɗan ƙwarai a Maraɗi idan aka kwatanta da da, kuma makitsiya ba za ta iya ninka kuɗin kitso sau uku ba, tunda masu zuwa wurinta su ma tsadar abinci ta matsa musu. Dattawan kasuwa za su tuna cewa a watan Janairun 1994 akasin haka aka yi, sa'ad da aka karya darajar Sefa da rabi.

Matsala ta biyu ita ce takarda. Yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, sa'an nan aka ƙara 'yancin zama a 1986 da na kafa sana'a a 1990. Sai dai 'yancin zama yana tafiya ne da katin Hukumar Shige da Fice, kuma wadda ta shigo a motar haya ta sauka gidan 'yar uwarta ba kasafai take neman sa ba. A da wannan bai hana ta komai ba, domin kuɗi hannu da hannu ake biya. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna iyakar hakan, lokacin da masu kitso suka koma cewa a ba su lambar asusu. Daga bisani, a watan Disamba na 2023, Babban Banki ya umarta cewa ko ƙaramin asusu sai an haɗa shi da lambar BVN ko NIN, kamar yadda aka wajabta haɗa layin waya da NIN tun daga ƙarshen 2020. Wadda ba ta da su sai ta karɓi kuɗinta ta asusun miji, ko na maƙwabciya, ko na mai POS da zai cire ladansa. A ganinmu wannan ya fi faɗuwar Naira illa, domin kuɗin da ya kwana a hannun wani ba ya zama shaidar ciniki, banki kuwa ba ya ba da rance sai ya ga shaida. Abin da ya rage mata shi ne adashi, wanda ke sayen katifa ko keken ɗinki amma da wuya ya kama hayar shago ta shekara guda a Legas.

Ba a nan kaɗai ake ganin irin wannan ba. Matan Senegal da maƙwabtanta da suka cika Titi na 125 a unguwar Harlem ta birnin New York da shagunan kitso sun tarar da dokar da ke neman horon sa'o'i 300 kafin a ba da lasisi, kuma rashin takardar zama ya bar da dama suna aiki a ƙarƙashin sunan wasu.

Sa'an nan ga batun iyaka. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a watan Maris na 2024. Duk rufewa tana tsayar da direbobi da fataken da akan damƙa wa saƙon gida. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. A lokacin, ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku, a kuma bar musu 'yancin zirga-zirga da zama har sai an ji wata sanarwa. Alfarma ce wadda za a iya janyewa, kuma tsofaffin Zango ba su manta da Janairun 1983 ba, lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta bai wa baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su bar ƙasar.

Masu sayar da lalle da man kitso da turare a kasuwar Agege suna da hannu a cikin wannan lissafi, domin makitsan ne ke shigar musu da kaya cikin gidajen da su ba za su taka ba, sau da yawa kuma bashi ne ake biya bayan biki.